Jakar Wayoyi

Talata, da hantsi

Kofin tseren keke yana shagona, a kan kantar da nake ajiye tiub na taya. Auta ne ya kawo shi jiya, ya ce in riƙe masa, babu wuri a gida. Ɗaki biyu da falo, wai babu wurin kofi. Na matsar da gwangwanin giris na ajiye shi.

Ni ban yi makaranta ba. A jikin kwalayen kayan keke na koyi haɗa baƙi, shi ya sa rubutuna yake tafiya kamar wilin da ya goce. Dā ban ma da bukatar takarda. Tun da muka kafa ƙungiyar tseren keke, ni da Direba da wasu da suka riga mu gidan gaskiya, duk wanda ya ci tseren tudu yana cikin kaina: na shekarar da aka yi ruwa, da wanda sarƙarsa ta tsinke, da wanda ya faɗi ya tashi ya ci da jini a gwiwa. Yanzu ƙafa ta hana ni feda, sai dai in bi yaran a baya da babur, ɗauke da famfo da tayar canji da jakar wayoyinsu. Bayan kowane tsere, ranar da ƙungiya ta sake haɗuwa, ni ke tsayawa in ba da labarinsa daga tashi har layin gamawa. Yadda na faɗa, haka yake zama.

Bana Auta ya ci. Ɗana na ƙarshe, mai gyaran firiji. Ni na biyu na taɓa zuwa, da faɗin taya aka wuce ni, har yau ina ganin bayan rigar mutumin.

Jikata, 'yar Auta, tana asibiti tun ranar tseren. Uwarta na tare da ita, kuma ba ta yi wa Auta magana.

Laraba, bayan azahar

Na je duba ta. Ƙararrawa nake kiranta, don tun da ta iya magana ba a ƙara samun shiru a gidan ba. Yau ga ta kwance, kai a naɗe, ido a buɗe. Na ce mata tsohon mijinta ya zo, ko za a ba shi wurin zama. Ta dube ni kawai. Likita ya ce sauƙi yana zuwa, a yi haƙuri da rashin maganar.

Daga ƙaramin keken da na haɗa mata ta faɗo, a gangaren ƙofar gidansu, kanta ya daki bakin kwata. Na san birkin nan ya saki. Na ce zan ɗaure shi bayan tsere, lokacin hannuna yana kan keken ubanta.

Surukata, uwar yarinyar, ta tashi ta ba ni kujerarta. Ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi ƙafa, ta tambayi shago, ta zuba mini ruwa. Ba abin da ta rage a gaisuwar. Da ta rage wani abu da na fi samun sauƙin zaman.

Alhamis, da safe

Babur ɗin nan yana da ƙara. Duk wanda ya taɓa hawansa ya sani.

Juma'a, da yamma

Direba ya zo shago, ya zauna a kan bencina ba tare da an ce ya zauna ba, kamar kullum. Shi ke jan motar da ke bin tsere a can baya, tana kwasar waɗanda suka gaji. Ya ɗauki kofin ya juya shi, ya ce ko gwangwanin madara ya fi wannan nauyi, a kan wannan ne mutane ke hana kansu barci. Na ce mutumin da bai taɓa zuwa ko na goma ba ai dole ya raina kofi.

Sai ya tambaye ni da wa nake waya a ƙarƙashin gada ranar Lahadi, wai ya hango ni ta gilashi na rage gudu, hannu a kunne. Na ce idon da ba ya ganin rami a gabansa ne zai ga kunnena. Ya yi dariya, ya ajiye kofin.

Dokar jaka ni na kafa ta, kuma ina da dalili. Wata shekara Mai Burodi, ɗan ƙungiyarmu, ya zaro waya yana tsakiyar layin kekuna, taya na bin taya, ya kwashe na bayansa gaba ɗaya suka zube a kwalta. Akwai wanda har yau ba ya iya ɗaga hannunsa sama da kafaɗa. Tun daga ranar, kafin a hau keke kowa ya jefa wayarsa a jakata, ba ya ƙara ganinta sai a layin gamawa. Wanda ba ya so, ga hanya nan. Ba a sake zubewa irin waccan ba. A je a tambaya.

Asabar, da la'asar

Na wanke jakar, ban san me ya sa ba, ba ta yi datti ba.

Surukata ce ta ɗinka ta. Dā a leda nake tara wayoyin suna karce juna, ta gani ta ce Baba kawo, washegari ta ba ni jaka mai aljihu-aljihu, kowa da nasa, da maɗauri a ƙirji don kada ta dame ni a kan babur. Kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a falo. Keken ɗinkinta dā a bakin taga yake, inda haske ke shigowa. Da Auta ya sayi keken tseren nan ya ce raɓa na ɓata sarƙa, sai ita ta koma lungu, shi ya samu taga.

Ni na san yadda gidan yake tafiya. Auta ya fita tun kafin gari ya waye, ya dawo ya watsa ruwa a tsaye, ya ruga wurin firijin mutane. Da yamma ya wanke keke a banɗaki kafin ya wanke kansa. Lahadi kuwa tamu ce gaba ɗaya, ya dawo ƙafa ba ta ɗaukarsa, ya kwanta a tabarma yarinyar tana taka masa baya. Kai ta makaranta, ɗauko ta, layin asibiti, cefane, duk uwarta. In ta yi ƙorafi sai ya ce saura kaɗan, bayan tsere zai huta. Ni ma haka nake ce wa uwarsa, Allah ya jiƙanta, sai dai ita ba ta da waya.

Lahadi, da hantsi

Ba atisaye. An ɗaga haɗuwa sai yarinya ta warware. Na tashi da wuri duk da haka, na zauna a kan babur a ƙofar shago ban tayar da shi ba.

Talata, da yamma

An sallame su daga asibiti. Ba gida suka koma ba, gidan yayanta surukata ta wuce da yarinyar. Ta biya ta kwashi kayan sawa lokacin Auta na wurin aiki, ta bar makullinta a kan keken ɗinki, ta jawo ƙofa.

Alhamis, bayan magariba

Auta ya zo da burodi a takarda, ya zauna a ƙasa yana ci ba shayi. Ya rame a kwanakin nan fiye da yadda atisaye ya taɓa ramar da shi. Na ce ya je ya ba ta haƙuri, mace ba ta ƙin haƙuri. Ya ce ya je, ya sake zuwa, tana gaishe shi kamar mai karɓar kuɗin wuta.

Na tambaye shi me ya haɗa su takamaimai. Ya murza takardar burodin. Wai a asibiti, ranar farko, ta ce masa ta kira wayarsa, Baba ya ɗauka, ta gaya masa abin da ya faru, ya ce zai sanar da shi. Ta tambaye shi ko saƙon ya iso.

"Me ka ce mata?"

"Na ce ka gaya mini. Na ce ni ne na ga saura kaɗan."

Na buɗe baki. Ya ce, "Baba, bar shi haka." Ya tashi ya kakkaɓe wando ya tafi.

Abin da zan rubuta yanzu ba shi da kyau. Da ya faɗi haka, abin da na fara ji shi ne ƙirjina ya sake, kamar an kwance mini maɗaurin jaka. Sai daga baya sauran ya zo.

Juma'a, da safe

Da gaske saura kaɗan ne. Hawa ɗaya da gangare.

Asabar, da azahar

Auta ya turo keken tseren har shago, ya ce in nema masa mai saye. Na ce ba a shagona ba. Ya ce to zai kai wa Mai Burodi, ya daɗe yana sonsa. Na ce Mai Burodi da tumbinsa zai karya sirdin a mako guda, na karɓe keken na rataye shi a can ciki, bayan tsofaffin tayoyi. Keken da na ɗaure wa kowane sifoka na wili da hannuna.

Ya ce sayarwar ma ba ta da amfani, ya gaya mata zai sayar, ta ce ita ba da keke take faɗa ba. Kuma yayanta ya aiko, ranar Laraba zai zo da mota ya ɗauki keken ɗinkinta.

Kayan sawa ana kwasa a dawo da su. Keken ɗinki in ya fita daga gida, na ga irinsa, ba ya komawa.

Lahadi, da yamma

Direba ya leƙo, bai zauna ba. Ya ce shekara nawa yana jina ina ba da labarin tsere, ban taɓa barin ko faci ɗaya ba, har wanda ya tsaya fitsari sai na ambata. Yana jira ya ji na bana. Na ce ya je ya duba ruwan batirinsa.

Litinin, da la'asar

Na ɗaure birkin ƙaramin keken. Aikin da bai kai shan shayi ba.

Na je har layin gidan yayanta, na ga ƙofar, na wuce kamar mai neman wani gida. Na zaga na dawo shago.

Talata, bayan la'asar

Na shiga.

Yayanta ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ya ba mu wuri. Ƙararrawa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, an cire naɗin, an aske gefen kanta, tana jera murafun kwalba. Ta ce mini sannu Kaka, a hankali. Surukata ta durƙusa nesa kaɗan, ta fara gaisuwar nan tata mai tsawo. Na ce 'yata, dakata, yau ni ke da magana.

Ban iya jera shi yadda nake jera tsere ba. Na ce wayar ta yi ta motsi a ƙirjina tun kafin gada, na san aljihun Auta ne don na sama ne na hagu. Na ɗauka. Na ji duk abin da ta ce, babur bai hana ni ji ba. Na ce mata to. Da na ɗaga ido sai ga Auta ya ɓalle daga layi shi kaɗai, ya miƙe a kan feda, na bayansa sun kasa kama shi. Na mayar da wayar aljihunta. Sai da ya tsallake layin gamawa, aka ɗaga shi sama aka sauke, sannan na ce masa an kira daga gida. Na ce mijinki bai san komai ba, ƙarya ya yi miki don ya rufa mini asiri.

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ta ci gaba da magana kanta a ƙasa, muryarta ba ta tashi ba. An rufe titi saboda tseren, an ja igiya, babu motar haya, babu babur. Ta goya yarinyar ta fito mahaɗar layinsu, inda hanyar tsere ke wucewa, ta tsaya a bakin igiya don ta ce tun da an gaya masa, nan zai tsaya, ko ni in tsaya da babur. Ya zo ya wuce, kansa a sunkuye kan ƙarfen keke, ta kira shi, ihun mutane ya cinye muryarta.

"Da ka gaya masa da ya ɗaga kai a mahaɗarmu. Na san mijina. Kai ma ka wuce, Baba. Kana kallon tayarka ta gaba."

Wannan ban rubuta shi ba a baya. Na ga zanen goyon ta gefen ido. Na san zanen.

Ta ce daga nan ta bi gefen igiyar da ƙafa, jini na jiƙa mata baya, har inda titi ya buɗe ta samu mota. Na ce to in kin sani, me ya sa shi kike hukuntawa, ga mai laifi a gabanki. Ta ce ni ubanta ne, ba ta da bakin da za ta tuhume ni. Amma shi, 'yarsa na kwance ba ta san inda take ba, ta yi masa tambaya ɗaya, ya dubi idonta ya zaɓi ya kāre ni. Ta ce ta zauna da keke a falo, ta zauna da Lahadin da ba tata ba, za ta iya ci gaba. Abin da ba za ta iya ba shi ne zama da mutumin da ko a bakin gadon asibiti bayan Babansa yake bi.

Na tambaye ta me zan yi. Ban taɓa yi wa yaro wannan tambayar ba.

Ta ce shi ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Ni kuma, in na tashi ba da labarin tseren bana, in sa ta a ciki. Ita ma ta bi hanyar nan ranar.

Laraba, da azahar

Na tare Auta a wurin aikinsa, kansa a cikin firijin wani. Na gaya masa na je. Ya fito ya dube ni, ya ce wa ya aike ni. Ya ce shi ya ɗauki abin don kada a raina ni a gidan surukai, yanzu na mayar da shi maƙaryaci a banza. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yau. Na bar shi ya gama. Sai ya ce, a hankali, "Da ka matso ka gaya mini, Baba, da na jefar da keken a kwata." Na ce na sani, shi ya sa ban matso ba.

Ya wanke hannu ya tafi wurinta. Motar yayanta ba ta zo ba yau.

Juma'a, da yamma

Shiru. Auta ya ce ta saurare shi, ta ce ta ji. Makullin na nan inda ta bar shi.

Lahadi, bayan azahar

An haɗu da safe a ƙofar shago. Auta ya zo a ƙafa, na shiga ciki na sauko masa da keken, ya karɓa.

Na tsaya a inda nake tsayawa. Na fara daga tashi, wanda ya yi faci a kwanar farko, yadda Mai Burodi ya ja layi har numfashinsa ya ƙare. Suna ta dariya. Da na iso gada na sa wayar. Da na iso mahaɗa na sa ta, da zanen goyon, da inda idona yake. Na bi ta da ƙafa a gefen igiya har inda titi ya buɗe, sannan na dawo na kai Auta layi. Ba wanda ya tafa. Wani yaro sabon shiga ya so ya yi magana, Direba ya taka masa ƙafa.

Suka fara zaro wayoyi don su ba ni, sabo. Na ce kowa ya mayar aljihun baya. Wanda tasa ta yi ƙara ya ɗaga hannu, ya fice daga layi, ya sauke ƙafa a ƙasa, sannan ya taɓa ta. Wanda na ga ya zaro yana tafiya, ni da shi. Mai Burodi ya ce ashe za a ga ranar, na ce kai dai rufe baki, kai ka jawo mana tun farko. Jakar na rataye ta a ƙusa kusa da kofin.

Muna tsakiyar hawan tudu Auta ya ɗaga hannu. Ya fice gefe, layi ya wuce, na tsaya a bayansa na kashe babur. Daga inda nake ina jin muryar Ƙararrawa a wayar, siririya, tana zuba ba numfashi. Wai suna ƙofar gida da kaya, Mama ba ta da makulli, rana ta yi zafi, kuma a gaya wa Kaka ya kawo mata kekenta.

Ya juya kan keken bai ko dube ni ba. Na bi shi. Shekara da shekaru ina bin bayan yaron nan, ban taɓa ganin ya sauka gangare irin na yau ba, sai da na ƙure babur.

A mahaɗar na ɗaga kai. Babu kowa a wurin, sai wani mai sayar da lemo.